Sandar Awon Malam

Hadarin da ya karya mana darbejiya da la'asar ya zo, a farkon daminar bara. Ina cikin kwashe shanya na ji ƙara a bayan ɗaki, kafin in waiwaya sai ga reshe guda ya taho gaba ɗayansa, ya danne danga, ya kwanta a tsakar gida tun daga bakin rumbu har madafa. Awaki suka watse. Ni kuwa na tsaya riƙe da zani ina salati. Daga cikin ɗaki Malam ya yi magana da muryar nan tasa da ta koma nauyi, wai me ya faɗi. Na ce, "Darbejiyarka ce ta gaji da tsayuwa." Nan take na yi da-na-sanin maganar, domin shi ma wata uku ke nan rabonsa da tsayuwa.

Sunana Dije. Shekara arba'in da ɗaya ke nan ina zaune da Malam Ramalan a ƙauyenmu, nan yankin Zinyau. Manomi ne, amma abin da aka fi saninsa da shi aikin makabarta. Shi da amininsa Isiyaku, wani dogon Bafulatani da ya daɗe da zama wuri ɗaya ya kama noma, su ne masu haƙa kabari in an yi rasuwa, don Allah kawai. Bayan wannan kuma, duk reshen da iska ta kayar a gona ko a bakin hanya, Malam zai saɓa gatari ya je ya sassare shi, ya kai makabarta ya jibge, saboda a samu itacen rufe kabari a kusa. Ni ban taɓa ganin itatuwan nan ba. Ba ya kawo su gida, mu mata kuma ba ma zuwa makabarta. Abin da na sani kawai shi ne yakan dawo da riga dumu-dumu da jar ƙasa, ni kuma in yi ta mita ina wanki, yana yi kamar ba da shi nake ba.

Da bazara hawan jini ya kayar da shi a bakin rijiya, ɓarinsa na dama ya shanye. Aka kai shi Rano, daga can aka tura mu Kano. Ranar da za a sallame mu, wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta ja ni gefe. Ta nuna mini wasu ƙarafa biyu dogaye da aka kafa a jere, marasa lafiya na shiga tsakaninsu suna dafawa suna koyon tafiya.

"Mama," in ji ta, "ƙafar nan tasa ba ta mutu ba. Amma sai ya riƙa tsayuwa yana takawa kullum. In kuka bar shi a kwance har damina ta wuce, za ta sandare, daga nan kuma sai dai ɗauka."

Na ce to. Faɗin to ɗin ba wuya. Wanda bai san Malam ba ne zai ɗauka ana kama shi a tayar. Sau ɗaya mijin autarmu Ramlatu ya gwada, ya rungumo shi ta hammata, ƙafar ta gurɗe, suka zube su biyu a kan tabarma a gaban 'yan dubiya. Tun daga ranar Malam ya rantse ba mai sake taɓa shi. Ko maganar tashi na ɗauko, sai ya juya fuska bango ya ce in ƙyale shi, shi ba jariri ba ne. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi fushi na kwana biyu, duk a banza. Ga damina ta kama, ni kuma kullum maganar yarinyar nan ta asibiti na cina a rai.

Washegarin hadarin na fito da gatari da niyyar in mayar da reshen itacen girki. Na ɗaga ke nan sai idona ya faɗa kan wata gwafa, wato inda reshe ya rabu biyu. Na duba gaba, ga wata, ga wata. Darbejiyar nan ta yi rassa masu kauri kamar damtsen mutum, miƙaƙƙu. Na sauke gatarin na zauna a kan turmi. Mutum ne Malam ba ya so ya riƙe shi. Itace ai ba mutum ba ne, ba ya tausaya maka, ba ya zuwa ya ba da labari a gari. In na kafa gwafanni layi biyu daga ƙofar ɗakinsa zuwa zaure, na gindaya sanduna a kansu, ai na yi masa irin ƙarafan asibitin nan.

Na kira Ramlatu a waya, tana aure a Kibiya. Da hantsi sai ga ta a kan babur, da ɗan gatarinta a cikin buhu. Muka yanke shawara ba za mu gaya wa Malam ba sai mun gama komai, don in ya ji tun yanzu zai ce a kai wa masu tuyar ƙosai itacen.

Gwafannin ba su ba mu wahala ba. Sandunan gindayawa ne sai sun zama tsawo ɗaya, mu kuma ba mu da abin awo. Ramlatu ta leƙa zaure ta dawo da wata baƙar sandar kanya, sumul, wadda na daɗe ina gani a soke a rufin zauren. Ni dai a zatona ta korar awaki ce. Tsawonta kamu biyu ba kaɗan. Muka ga ta yi daidai da taki biyu na mara lafiya, muka riƙa ɗora ta muna sara. Kwana uku muna wannan aiki, hannuna ya yi kanta, bayana kamar ya ɓalle. Muka samu sanda ashirin cif, muka feƙe musu ɓawo. Gwafannin dogaye ne, muka jingine su a bayan rumbu. Sandunan kuwa na jera su tsaf a kan duwatsu saboda gara, a gaban rumbu, daidai saitin ƙofar Malam. Har da tsayawa ina kallonsu ina jin daɗi. Ramlatu ta koma gidanta, a kan za ta dawo bayan mako da igiyar rama mu ɗaure, kafin nan sun sha iska.

A ranar Malam ya daina cin abinci. Na dama masa kunun tsamiya, abin da yake so, ya kurɓi sau biyu ya ture. Na yi masa ɗanwake, ko kallo bai ishe shi ba. Asabarin ƙofa da kullum yake cewa in sauke, yanzu cewa yake in naɗe. Sai ya kwanta a kan ɓarinsa mai lafiya ya zuba wa tsakar gida ido, ba ya ko ƙiftawa. A kwana na uku ya kira ni.

"Dije, zauna. In akwai abin da na yi miki a zamanmu, ki yafe mini."

Na ce, "Malam, wace irin magana ce wannan da rana tsaka?"

"Ki dai yafe. Ni na yafe miki duniya da lahira."

Na ce na yafe, na fita na shiga madafa na yi kuka na gode Allah. Na ɗauka ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Ban tambaye shi ba, shi ma bai tambaye ni ba. Haka muke tun muna da ƙuruciya, kowa da tasa taurin kan.

A kwana na huɗu Isiyaku ya zo dubiya. Ya yi kusan mako bai leƙo ba saboda shuka. Da yake tsoho ne kuma na gida, sallama kawai yake yi ya shigo. Ina tankaɗe na ji sallamarsa ta yanke a tsakiya. Na ɗaga kai na gan shi tsaye a gaban rumbu, ya saki ƙwaryar nonon da ya kawo, tana juyi a ƙasa.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi. "Dije, yaushe? Ba wanda ya aiko mini?"

"Yaushe me, Baffa Isiyaku?"

Ya nuna sandunan da hannu. "Wa ya yanka waɗannan?"

"Ni da Ramlatu."

"Da me kuka auna?"

Na ɗauko masa baƙar sandar. Ya karɓa, ya dube ta, ya dube ni. Daga nan ya leƙa ɗaki ya ga Malam kwance ido biyu yana kallonsa. Sai ya zauna daɓas a kan turmina ya riƙe kai.

"Dije," ya ce a hankali, "wannan sandar da ita muke auna itacen kabari. Shekara talatin. Yadda kika jera sun nan a kan duwatsu, haka shi ma yake jera su a makabarta."

Kwana huɗu bawan Allah nan yana kwance yana kallon abin da ya ɗauka itacen kabarinsa ne, matarsa da 'yarsa sun sare, sun feƙe, sun jera masa a gaban ido. Kunya ta kama ni, tausayi ya kama ni, sai kuma haushi ya taso ya danne su duka. Na faɗa ɗakin ko zanina ban gyara ba.

"Malam! Shekara arba'in da ɗaya! Ashe abin da ka ɗauke ni ke nan? In sare maka itacen kabari kana numfashi?"

Ya juyo ya dube ni. Can ya ce, "Awon ya yi daidai, Dije. Ko ni ban fi haka iya yanka ba."

"Sai ka kasa buɗe baki ka tambaye ni?"

"Na ce ko likita ne ya gaya muku wani abu kuka ɓoye mini." Ya kau da kai. "Na kuma ce ko kin gaji. In kin gaji ai ba ki yi laifi ba."

Wannan maganar ita ta fi yi mini ciwo, har yau in na tuna sai na ji ta a ƙirji. Na zauna a bakin gadon na gaya masa komai, tun daga ƙarafan asibiti har gwafannin da ke bayan rumbu. Ina magana ina share hawaye da gefen mayafi. Na ce masa na gaji, ƙwarai kuwa na gaji, amma da ganinsa a kwance na gaji.

Isiyaku ya leƙo da kansa ta ƙofa. Shi da Malam ba sa minti biyar ba su tsokani juna ba.

"Kai Kaɗo, ka cika son kanka," in ji shi. "Ashirin ne fa na ƙirga. Kai da ka rame haka, sha biyu ma sun yi maka yawa. Sauran takwas ɗin na wa?"

Kafaɗar Malam ta fara rawa. Na zaci kuka yake, ashe dariya ce, karkatacciya, da rabin baki. Rabona da jin dariyarsa tun bazara. Ya ce, "Ɗan Fulani, fita mini daga ɗaki. Dije, akwai sauran kunun nan?"

Isiyaku bai jira Ramlatu ba. Da yamma ya dawo da dagi da igiyar rama, ya haƙa ramuka layi biyu, ya kafa gwafannin ya daddanna ƙasa da dunduniya, muka gindaya sandunan muka ɗaure tamau. Goma a dama, goma a hagu, daga ƙofar ɗaki har bakin zaure. Gindin reshen mai kauri kuma ya mirgino shi ya ajiye kusa da ƙofa, ya zama wurin hutawa. Malam na kwance yana ba da umarni, wai wannan gwafar ta karkace, wai wancan ƙullin na mata ne.

Ranar farko da ƙyar ya jawo jiki zuwa bakin ƙofa, ya kama sanda da hannun hagu ya miƙe. Gumi ya wanke shi. Bai taka ko ɗaya ba, ya koma ya zauna. Na yi kamar ina tsince wake ban gani ba, don na san in ya ga ina kallo zai fasa. Bayan kwana biyar ya wuce gwafa ɗaya. Ya faɗi sau biyu a makon, bai yarda na ɗaga shi ba, ya kama itacen ya tashi da kansa yana yi wa ƙafar faɗa kamar wata jaka mai gardama.

Ragowar rassan ma ba su tafi a banza ba. Malam na zaune a kan gindin nan nasa, duk guntun da na ɗauko zan sa a wuta sai ya ce in kawo ya gani. Wannan yana da lanƙwasa, ƙotar fartanya ce. Wancan muciya. Wani ƙarami mai ƙugiya ya sa na ɗaure a jikin gwafa ana rataye masa buta. Ya matse itace tsakanin gwiwoyinsa ya riƙa kankara da wuƙa da hannun hagu, a hankali har hannun daman ya fara taya shi riƙewa. Muciyar da ya yi mini karkatacciya ce, amma da ita nake tuƙa tuwo har yanzu. Ni kuma na samu wurin shanya, in ya ga zani a kan sandunansa ya yi ta faɗa, in ce ai ni na sare su.

Lokacin da gero ya fara fitar da kai, Malam yana zuwa zaure ya dawo sau uku a yini. Sai dai a nan abin ya tsaya. Hannunsa ba ya barin itacen. In ya kai sanda ta ƙarshe sai ya tsaya yana leƙen hanya ta ƙofar zaure, ya juya. Isiyaku kan zo kowane hantsi ya tsaya a waje ya ce, "Kaɗo, taho mana, taki uku ne." Malam ya ce gobe. Tsoron faɗuwa a gaban mutane bai sake shi ba. Ni kuma na fara tunanin ko dai wani ɗakin na gina masa, mai ɗan tsawo.

Ana cikin marka, aka kwana uku ana ruwa, Isiyaku bai zo ba. Aka ce zazzaɓi ne. A rana ta huɗu da safe babban ɗansa Mahdi ya yi sallama. Ganin fuskarsa kawai ya ishe ni. Malam na zaune a kan gindin darbejiya, Mahdi ya durƙusa a gabansa ya ce Baffa ya cika bayan asuba.

Malam ya yi salati, ya sunkuyar da kai. Ban taɓa ganin ya tsufa kamar a wannan lokacin ba. Da ya ɗago, abin da ya fara tambaya shi ne, "Akwai itace a makabarta?"

"Babu, Baba. Tun kwanciyarka wanda ka tara ya ƙare. Gatari na zo ara da sandar awo, za a shiga daji a nemo. Ga ruwa ya cika ko'ina, ban san ko za mu samu kafin azahar ba."

"Ba za a bar shi yana jira ba," in ji Malam. "Dije, ba shi wuƙa."

Na gane nufinsa, na tsaya. "Malam, kai kuma fa?"

"Ba shi wuƙa na ce." Ya juya ga Mahdi. "Yanke igiyoyin nan, fara daga zaure. Sun bushe, kuma a kan awo suke. Ɗauki sha huɗu. Ubanka dogo ne."

Mahdi ya yanke, ya ɗaure su dami biyu, ya kira mutane suka fitar. Tsakar gida ta koma gwafanni tsirara, bakinsu a sama. Malam ya ce in kawo masa farar rigarsa da hula, in kuma miƙo masa baƙar sandar. Na taimaka masa ya sa rigar. Ya kama sandunan da suka rage ya miƙe, ya bi su har inda suka ƙare. Ya tsaya. Na matso na miƙa hannu.

"A'a," ya ce.

Ya dogara sandar awon a ƙasa, ya jefa ƙafar hagu, ya jawo ta dama. Ya sake. Sau ɗaya ya yi tangaɗi, na toshe bakina da mayafi don kar in yi ihu, ya tsaya ya daidaita. Ya shige zaure, ya fita ƙofar da rabonsa da ita wata shida. Ni iyakata zaure, a nan na tsaya ina leƙe. Maza na tafiya gidan rasuwa, da suka gan shi suka rage sauri, ba wanda ya taɓa shi. Ƙafar daman tana jan layi a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na bi layin nan da ido har ya sha kwana, ina kukan Isiyaku, ina kuma jin wani farin ciki da na rasa inda zan sa shi.

An ce da ƙafarsa ya kai ƙofar gidan, aka yi sallah da shi a tsaye, daga nan aka ɗora shi a babur zuwa makabarta. Wai da aka zo jera itace ya ce a zaunar da shi a bakin kabarin, shi ya riƙa miƙawa ɗaya bayan ɗaya.

Bayan azahar ya dawo. Na ji ƙwas-ƙwas ɗin sandar tun daga zaure. Ya zauna a kan gindin darbejiya yana haki, idanunsa jawur. Na kawo masa ruwa, ya sha.

"In nemo wasu sandunan a mayar?" na tambaye shi.

"Bar su haka." Sannan ya ce, "Itacenki ya zauna daidai, Dije. Ko ɗaya ba a rage wa tsawo ba."

Ya tuɓe rigar ya miƙo mini. Ta yi dumu-dumu da jar ƙasa tun daga gaba har hannuwa. Na karɓa na kai bakin rijiya na wanke, wannan karon ba mita.